Ba Ni Na Juya Zagayen Ba

Yau babu doguwar gaisuwa, masu karatu, ku yi mini uzuri.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana har a wurin aiki. Shekarata biyu ina rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani da ke hawa na uku, mu tara a ɗaki ɗaya, da fanka biyu, da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta tunawa da aikinta sai ranar da za a yi baƙi. Shugaban sashenmu shi ne mutumin da zan aura. Ni na kawo shi gida da kaina, ba wanda ya tura ni. A gida Injiniya ake ce masa, kuma in Umma ta ambace shi har lumshe ido take kamar ta lashi zuma. Ranar Asabar ɗin nan manyansa za su zo wajen Baba. An sake fentin falo, an wanke labule, Yayana ya sauya ƙwan fitilar da ya shekara a mace.

Ranar Laraba na shiga ofis da doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ƙananan furanni, wanda Injiniya ya taɓa cewa yana yi mini kyau. Ko jakata ban ajiye ba Manaja ya leƙo.

"Kowa ya zo ɗakin taro. Yanzu."

Akwai wani asibiti da muka yi wa manhaja. Aikinta kawai ta tura wa mutane saƙon tuni: gobe ƙarfe kaza ranar ganin likita ce, a zo da kati. Kowace safiya tana ɗauko jerin sunaye, amma kafin ta tura komai sai ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ta cire duk wanda asibiti ya rubuta cewa ya rasu. Wannan bi ɗaya bayan ɗaya shi muke kira zagaye. Ni na rubuta shi.

Manaja bai zauna ba. Ya dafa tebur da hannu biyu.

"Jiya wata baiwar Allah ta je asibitin nan. Ta zauna a layi tun safe da katin 'yarta a hannu. Da layi ya zo kanta aka tambaye ta ina yarinyar. Yarinyar ta rasu sati uku ke nan. Manhajarmu ce ta tura mata saƙo ta kawo ta." Ya ɗago. "Da suka bincika, gida bakwai aka tura wa irin wannan. Wa ya rubuta ɓangaren?"

Na ce, "Ni ce, Yallaɓai."

Ban gama rufe baki ba Injiniya ya yi gyaran murya. Yana sanye da farar riga mai dogon hannu, ya naɗe ta zuwa gwiwar hannu, agogonsa sai ƙyalli yake. Ya yi magana a hankali, da muryar nan tasa mai sanyi da ta sa na fara son sa.

"Yallaɓai, a yi mata afuwa. Kuskure ne irin na masu tasowa, kowa ya taɓa yin sa. Ana cirewa daga jeri ana tafiya gaba, dole a tsallake wasu. Zan zauna da ita in nuna mata yadda ake yi."

Zan zauna da ita in nuna mata. A gaban mutum tara.

Ido ya dawo kaina. Wani ya sunkuyar da kai don ya taya ni jin kunya. Ni kuwa abu ɗaya ke yawo a kaina: ana tafiya gaba? Ni ba gaba na rubuta shi ba.

Manaja ya ce asibitin na son takardar ban haƙuri da sa hannun wanda ya yi kuskuren, kuma gobe za a yanke hukunci a kaina. Na fita ban kalli kowa ba.

Na buɗe fayil ɗin. Ga zagayen nan, ya fara daga gurbin farko, wanda mu a wajenmu sifili ne, yana ƙara ɗaya ɗaya har ƙarshe. Tsaf, kamar wanda aka goge da dutsen guga. Amma ba rubutuna ba ne. Nawa daga gurbin ƙarshe ya fara, yana rage ɗaya ɗaya har ya sauko sifili. Har gargaɗi na rubuta a samansa: kada a juya wannan zagayen, ana cirewa a cikinsa. Gargaɗin ma babu shi.

Akwai wata babbar yaya a ofishinmu da muke kira Alƙaliya, don ita ke gwada duk abin da muka rubuta, kuma ba ta san sani ko sabo ba. Ta jawo kujera kusa da ni, ta gyara gilashinta.

"Buɗe tarihin fayil ɗin. Kwamfuta ba ta mantuwa."

Na buɗe. Muka bi canje-canjen daga na jiya muna komawa baya. Na farko ba shi ba. Na biyu ba shi ba. A na huɗu muka tsaya. Wata Juma'a, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma. Layukana uku sun yi ja, alamar an goge su, har da gargaɗin. Sababbi biyu sun yi kore. Bayanin da aka rubuta kalma biyu ce: gyaran tsari. Sunan wanda ya yi kuwa, ba sai na faɗa muku ba.

Alƙaliya ta daɗe tana kallon allon. Ta ce, "Ni ma da nawa laifin. A sunayen da na yi gwaji da su ban sa mamata biyu a jere ba, shi ya sa ya wuce ni. Zan faɗa da bakina." Ta miƙe, ta ɗan dafa kafaɗata. "Naki kuma ke kika san yadda za ki yi da shi."

Wayata ta yi ƙara. Injiniya ne, daga teburinsa, taku goma tsakaninmu.

"Kada ki damu, zan shawo kan Manaja."

Wani ya biyo baya: "Kin ci abinci?"

Na rubuta: "Same ni a matakala."

Ya zo yana murmushi, har da miƙo mini robar ruwa. Na nuna masa hoton tarihin a wayata. Murmushin ya tafi a hankali, kamar ruwa a rairayi.

"Auta, saurara."

"Ina ji."

"Za mu nuna wa wasu baƙi aikin ne, na ga zagayen yana tafiya da baya, ya yi kama da rubutun 'yan koyo. Na daidaita shi da sauran. Ban lura ba."

"Ba ka lura da gargaɗin ba? Da ka goge shi idonka a rufe yake?"

"Rage murya."

"Yau da safe ka san kai ne?"

Ya kalli bango. Wannan kau da kan ya fi mini ciwo a kan duk abin da ya faɗa a ɗakin taro. Ashe shi ya sa tun ba a buɗe fayil ba ya san ainihin matsalar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ranar Litinin za a tabbatar mini da kujerar mataimakin manaja," ya ce. "Kin sani. Shekara huɗu ina jira. Ke in kika sa hannu, faɗa za a yi miki, wata ɗaya an manta. Ni in aka ji, shi ke nan. Kuma kujerar nan ta wa ce? Ba tamu ba ce, ni da ke?"

"Sunana fa?"

"Sunanki ai nawa zai koma."

Na dube shi sama da ƙasa. Wallahi, masu karatu, na nemi mutumin da ke rako ni bakin titi da lema in ana ruwa, ban gan shi ba. Na ajiye masa robar ruwansa a kan matakala na koma ciki.

Da yamma na tarar da Umma a kicin tana goge sababbin kofunan da aka saya saboda baƙin Asabar, farare masu bakin zinariya. Ta dube ni sau ɗaya ta ajiye tsumma.

"Wa ya taɓa ki?"

Na fara ba ta labari, ta ɗaga hannu. "Ni wannan yaren naku ba na jin sa. Yi mini da Hausa."

Na ɗauko kofi shida na jera a kan tebur. Na kife na uku da na huɗu.

"Umma, waɗannan mutane ne a layi. Kifaffun nan biyu sun rasu, so nake in fitar da su. Amma dokar ita ce, duk wanda na cire, na bayansa za su matso su cike gurbin. Ki kalli yatsana."

Na ɗora yatsa a kan na farko. "Lafiya lau." Na biyu. "Lafiya lau." Na uku kifaffe ne, na ɗauke shi, na turo sauran suka matso. "Yanzu yatsana zai ci gaba zuwa gurbi na huɗu. Wa ke wurin?"

Ta leƙa. "Mai lafiya."

"Ɗaya kifaffen fa?"

"Ga shi ya matso baya, ya koma na uku." Ta ɗago ta dube ni. "Kin wuce shi."

"Na wuce shi. Shi ne za a tura wa uwarsa saƙo."

Na sake jera su kamar da. Wannan karon na fara daga na shida. Na biyar. Na huɗu kifaffe, na cire, sauran suka matso. "Kin gani? Waɗanda suka matso na riga na duba su, ba ruwana da su." Na sauko na uku, na cire. Na biyu, na ɗaya. Kofi huɗu suka rage, duk bakinsu a sama.

"Haka na rubuta, Umma. Shi ya zo ya juya shi, ya goge gargaɗina, yau kuma ya tsaya a gaban mutane ya ce zai koya mini."

Umma ba ta yi boko mai nisa ba, amma kanta ya fi na mutum biyar a ofishinmu. Ta ɗauki kifaffen kofin ta juya shi a hannunta.

"Na gane. Shi ya yi."

Na saki numfashi. Har idona ya kawo ruwa don daɗi.

"To sai ki rufa masa asiri."

"Umma?"

"Ki rufa masa asiri, na ce. Namiji ne, fuskarsa ita ce jarinsa. Asabar ɗin nan manyansa za su zauna a falon can. So kike su zo da labarin kin tsaya a gaban mutane kin kwance masa zani a kasuwa?"

"Ni da ya kwance mini fa?"

"Ke mace ce, naki haƙuri ne. Kin san abin da na haɗiye a gidan nan shekara talatin da biyar?"

"Na sani, Umma. Ina gani kina shan maganin hawan jini safe da yamma."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ta dube ni, ta ɗauki tsummanta ta ci gaba da goge kofin da ta riga ta goge. Na so in ba ta haƙuri, amma ban ba ta ba. Yayana da ke tsaye a bakin ƙofa yana cin ayaba ya ce, "Ke dai Auta bakinki zai ja miki. Takarda ce fa kawai. Sa hannu nawa kika yi a rayuwarki?"

Na wuce ɗaki. Saƙonni uku na jirana.

"Na san ranki ya ɓaci."

"Ki yi tunanin gaba, ba yau kaɗai ba."

"Wane launi za ki sa ranar Asabar? Ina so mu dace."

Na kife wayar a kan gado.

Ranar Alhamis na sa baƙar doguwar riga da farin mayafi, ban shafa komai a fuska ba. Na riga kowa zuwa, na mayar da zagayen yadda yake, daga ƙarshe zuwa sifili, na mayar da gargaɗina. Alƙaliya ta gwada shi da mamata biyu a jere, da uku a jere, da jerin da duk mamata ne, da jerin da babu kowa a ciki. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Sannan na tura masa saƙo: "Taro ƙarfe goma sha ɗaya ne. Ka faɗa da bakinka. In ka faɗa, zan tsaya tare da kai, har asibitin zan raka ka."

Da gaske nake, Allah ya sani. Kuskure ba ya kashe so. Na ga alamar ya karanta. Ya turo mini hoton zuciya ja.

A ɗakin taro Manaja ya turo mini takarda da biro. An riga an buga sunana a ƙasa. Na karanta layin farko: ni ce na yi sakaci. Na ɗago na kalli Injiniya. Ya gyaɗa mini kai a hankali, irin na ƙarfafa gwiwa, kamar mai rarrashin yaro ya sha magani.

Na ƙirga goma a zuciyata. Na ba shi goma cif. Bai buɗe baki ba.

"Yallaɓai, kafin in sa hannu, a ba ni minti biyu da allon nan."

Na haɗa kwamfutata. Tarihin ya fito ɓaro-ɓaro a bango, ja da kore, da rana, da lokaci, da suna. Ban ƙara ko kalma ɗaya ta zagi ba. Na karanta gargaɗin da aka goge da ƙarfi, na zauna.



Alƙaliya ta ce, "Gwajina ma bai kama shi ba, Yallaɓai. A rubuta wannan a kaina."

Manaja ya juya wajen Injiniya. "Jiya da kake cewa za ka koya mata, ka san da wannan?"

"Yallaɓai, a matsayina na shugaban sashe, na ga bai dace a tsaya neman mai laifi ba. Aiki na kowa ne."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya yi ta kame-kame, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ni kuwa ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Zuciyata tafasa kawai take, har da haushin kaina, da na ga ina tausayinsa. Manaja ya jawo takardar daga gabana ya ninke ta biyu. Ya ce maganar Litinin an ɗage ta sai abin da hali ya yi, kuma sabuwar takarda Injiniya ne zai rubuta ta da hannunsa, ya kai asibitin da ƙafarsa.

Da aka watse na roƙi Manaja ya nema mini izinin yin magana da matar nan. Asibitin suka tambaye ta, ta yarda. Na kira ta daga matakala, na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, na ce daga wurinmu saƙon ya fito.

Muryarta a dushe take. Ta ce, "Na san ta rasu, 'yar nan. Ni na rufe mata ido. Amma da saƙon ya ce a zo da kati, sai kawai na ga na ɗauko katin na fito. Ban san me na je nema ba."

Sai ta tambaye ni:

"An gyara?"

"An gyara, Mama."

"To Allah ya yi miki albarka. Kada wata ta sake gani."

Na zauna a kan matakalar nan na yi kukan da ban yi ba tun jiya. Tun da abin nan ya faru, sau nawa Injiniya ya ambaci matar nan? Ko sau ɗaya. Kujera, fuska, launin kaya.

Bai dawo teburinsa ba bayan azahar. Bai kira ba, bai turo saƙo ba. Na ce a raina, ko kunya ce ta kama shi, kuma in kunya ce, to da sauran magana tsakaninmu.

Da na sauka daga mota a bakin layinmu wajen ƙarfe biyar, sai na hango motarsa a ƙofar gida. A bakin falo ga takalmansa masu sheƙi a jere, kusa da na Baba. Ta taga ina jin ƙarar cokali a cikin sababbin kofunan da aka ce ba mai taɓa su sai Asabar.

Yayana ya tare ni a tsakar gida, fuskarsa fal fara'a.

"Ke dai kin yi sa'ar miji, wallahi. Tun ƙarfe uku yake nan. Ya gaya wa Baba komai."

"Komai kamar me?"

"Yadda kika tozarta shi a gaban ma'aikata, kika jawo masa asarar girma. Baba ya fusata, ya ce a kira ki a waya, shi ya hana. Ya ce ƙuruciya ce." Ya matso ya rage murya kamar mai ba ni albishir. "Ya ce ya yafe miki. Asabar tana nan."

Ya yafe mini.

Na tsaya ina kallon Yayana har fara'ar ta fara barin fuskarsa. Na miƙa masa jakar hannuna, na riƙe ta kwamfutar.

"Auta, ina za ki da wannan? Baba na ciki fa."

Na cire takalmina, na ɗaga labule na yi sallama. Baba na kan doguwar kujera ya sha mur. Umma na gefe, ta kafe ni da idon roƙo. Shi kuwa yana zaune a ƙasa kan kafet, ya tanƙwashe ƙafa, kai a sunkuye, kofi a gabansa, salihi kamar ba shi ba.

Na durƙusa na gaida Baba yadda aka koya mini. Sannan na ture kofin Injiniya gefe, na ajiye kwamfutar a inda yake, na buɗe ta.

"Baba, ina neman izini," na ce. "Ina so ya maimaita abin da ya gaya muku. A gabana, daga farko."